Ranar da Jirgin Kafinta Ya Faɗi

Sana'arsa kujeru ce da ƙyauren ɗaki, amma duk wanda ya shiga shagon Kafinta sai ya sunkuyar da kai, saboda jiragen saman da ke rataye a rufin. Ƙanana ne, babbansu bai wuce mutum ya buɗe hannuwansa biyu ba, kuma duk shi ya ƙera su. Tun yana saurayi ya ga wani baƙo a bayan gari yana tayar da irinsu, yana juya su a sama da rimot. Daga ranar abin ya shiga ransa bai sake fita ba. Matarsa ta yi mita har ta gaji. Takan ce, "Malam, sa'o'inka suna tsufa suna ƙara hankali, kai kana tsufa kana ƙara farfela."

Shi da amininsa, wani malamin makaranta, suka kafa ƙungiyar masu tashin ƙananan jirage. Malamin ya zama Sakatare don shi ne mai biro a aljihu, sunan kuma ya bi shi har bayan ya yi ritaya. Sun sha kora. Yau mai gona ya ce sun tattake masa shuka, gobe masu ƙwallo su ce filinsu ne. Sai da wani ɗan kwangila ya shigo ƙungiyar, ya ba su aron fili a gefen gidan bulonsa, sannan suka samu wurin zama. A ranar aka naɗa shi Ciyaman, ba ko zaɓe.

Kafinta ne ya tone kututturan filin. Shi ya yi rumfa da bencina, shi kuma ya kafa allon katuna. A wancan lokacin kowane rimot yana da layinsa, kuma idan mutum biyu suka kunna layi ɗaya, jirgin da ke sama ya zama marar ubangida. Don haka ya yanka katuna na katako masu lamba ya rataye a ƙusa. Doka ɗaya ce: ba ka kunna rimot sai katin layinka na hannunka.

Shekaru suka ja, ƙungiya ta cika da masu motoci. Jiragensu daga kwali suke fitowa a haɗe, rimot ɗinsu na zamani ne, ba ruwansa da kati. Kusan duk Kafinta ne ya koya musu tashi da sauka, yana tsaye a kafaɗarsu yana cewa, "A hankali, ɗan'uwa, ba tuƙin tuwo ba ne." Suna kiransa Baba, suna kuma toshe hanci in ya tayar da injinsa mai hayaƙi. Shi kaɗai ya rage yana ɗaukar kati, kuma bai taɓa fashi ba.

Wata Asabar da safe ya kawo sabon jirgi, ja, mai fiffike biyu sama da ƙasa. Wata goma sha huɗu ya yi yana aikinsa tsakanin kujerun mutane. Ya cire kati mai lamba shida ya sa a aljihun gaba, ya murza farfela. Jirgin ya ruga a kan ciyawa ya ɗaga, lafiya lau. Ya zaga fili sau biyu. A zagaye na uku sai ya karkata da kansa. Kafinta ya ja sandar rimot dama, jirgi ya yi hagu. Ya rage wuta, inji ya ƙara kuka.

"Wa ya kunna shida?" ya yi ihu. "A kashe! A kashe!"

Jirgin ya sunkuyo ta saman rumfa, mutane suka watse, ya daki gilashin gaban motar Likita, ɗaya daga cikin sababbin 'yan ƙungiyar. Ba wanda ya ji ciwo, amma jan jirgi ya zama itacen hura wuta.

Kowa ya ruga wajen motar. Kafinta kuwa waiwayawa ya yi. Can ƙarshen layin motoci ya hango Ciyaman tsaye a bayan tasa motar, but ɗinta a buɗe, riƙe da wani tsohon rimot da ya sayo don sha'awa, eriyarsa a miƙe. Sakatare na gefensa. Idonsu ya haɗu da na Kafinta, su duka biyun. Ciyaman ya tura eriyar ciki, ya ajiye rimot, ya rufe but a hankali, sannan ya taho yana cewa, "Subhanallahi! Me ya faru?"

Nan take aka zauna taro a rumfa. Kafinta ya ciro katin ya nuna, ya ce wani ne ya hau masa layi.

"Baba, wa ke amfani da irin rimot ɗinka yanzu in ba kai ba?" in ji Likita. Ba da faɗa ya yi maganar ba, da muryar asibiti ya yi ta. "Na lura hannunka ya fara rawa. Shekaru ne, ba abin kunya ba ne."

"Hannuna?" Kafinta ya miƙa shi gaban kowa. Ran mutum a ɓace, jiki na tsuma, ina hannu zai tsaya? Ya ga suna kallon juna.

Ya juya ga amininsa. "Sakatare, kana wurin. Faɗa musu."

Sakatare ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ni dai jirgin nake kallo, Malam. Ban ga komai ba."

Sai Ciyaman ya yi gyaran murya, ya ce kada a matsa wa dattijo, shi zai canza wa Likita gilashi. Aka yi ta sa masa albarka, har da tafi. Kafin a tashi an yi sabuwar doka: duk wanda ya haura sittin da biyar ba zai ƙara tayar da jirgi shi kaɗai ba, sai da wani a gefensa riƙe da rimot na biyu. Mutum ɗaya dokar ta shafa. Don a share masa hawaye aka ba shi sarautar Uban Ƙungiya. Sakatare ne ya rubuta komai, da rubutunsa mai kyau.

Me ya hana shi kiran sunan Ciyaman? Ya sha tambayar kansa. Ya san dai ranar da ya faɗa, ranar za a sa wa ƙofar fili kwaɗo, kuma kututture arba'in da ya tone da hannunsa su tashi a banza. Ya tattara ɓaraguzan jirginsa a buhu ya ɗaure a bayan babur.

Matarsa ta ga buhun, ta ga fuskarsa, ba ta yi zolayar da ta saba ba. Da ya gama ba ta labari ta ce, "To shi Ciyaman ai baƙo ne. Amma Sakatare? Mutumin da ya cinye mana rabin tukunya shekara talatin?"

Sau ɗaya ya koma filin. Aka haɗa shi da wani akawu da shi ya koya wa sauka bara. Ko minti biyu jirgi bai yi a sama ba akawun ya karɓe, yana cewa, "Kawo, Baba, na ga kamar zai kufce maka." Kafinta ya ajiye rimot a benci ya hau babur.

Bayan wata biyar Sakatare ya zo shago. Ya zauna a kan wata kujera da ba a gama ba, ya yi ta zancen zafi da ciwon gwiwa. Can ya ce, "Malam, ka san in babu filin nan babu ƙungiya. Ƙungiyar nan kuwa taka ce. Don kai na yi shiru."

Kafinta bai ɗago daga katakon da yake gogewa ba. "Don ni?"

"Wallahi."

"To na gode. Tashi, gam ɗin kujerar bai bushe ba."

Daga nan ba su sake zama ba. In sun haɗu a hanya sukan gaisa, gaisuwar maƙwabtan da ba su san juna ba.

Shekara biyu bayan haka rawar hannun ta zo masa da gaske. Ta fara da babban yatsa, ta kai shi ba ya iya saita ƙusa. Da labari ya isa fili, Likita ya ce ai shi tun tuni ya gani, kowa kuma ya yaba masa ido. Ƙungiyar na nan, ta ƙara yawa, an ma zuba kwalta a hanyar tashi. Kwanakin baya sun aiko masa da takarda mai hatimi: bencinan rumfa sun fara girgiɗi, ko Uban Ƙungiya zai taimaka ya leƙo ya duba? Matarsa ce ta karanta masa. Ya ce ta gaya wa ɗan aiken Malam ba ya nan, alhali yana zaune a bakin ƙofa, ɗan aiken na kallonsa.