Wayar Yaya Ta Je Zariya

Yayana direba ne. Tun ina firamare yake jan mota tsakanin Gusau da Tsafe, wani lokaci har Funtuwa, kuma ban taɓa ganin ya zauna ya gama kofin shayi ba. A tsaye yake sha, makullin mota na lilo a ɗan yatsansa. A wata damina taya ta fashe masa kusa da 'Yandoto, motar ta bar titi ta kwanta a gonar dawa. Allah ya tsare fasinjojin, ba abin da suka samu sai ƙujewa da firgita. Shi kuwa cinyarsa ta hagu ta karye, ƙafar da yake taka kuloci da ita.

An sa masa ƙarfe a asibiti a Gusau, aka mayar da shi gidanmu na Tsafe, inda yake zaune da Inna da matarsa da 'ya'yansu. Ni ina koyarwa a wata firamare a Gusau, can nake aure, sai ƙarshen mako nake zuwa duba shi. Duk zuwan da na yi, yadda na bar shi haka nake samunsa, kwance a katifa, fuska ga bango. Likita ya ce ya fara taka ƙafar a hankali, an sayo masa sanduna biyu, amma suna jingine bayan ƙofa har matarsa ta fara rataya hijabi a kansu. Abokan aikinsa na tasha in suka zo gaisuwa, sai ya ce a ce musu barci yake.

Ni na sa masa wani wasa a wayarsa. Tun ina kwalejin horar da malamai nake buga shi, a can wata ƙawata ta koya mini. Mutum ne ke farkawa a wani gari da annoba ta cinye, mutanen garin sun mutu amma ba su kwanta ba, suna yawo suna neman mai rai su cije shi. Aikinka ka nemi abinci da ruwa, ka kafe tagogi da katako, ka kai gobe. Da na miƙa masa, sai da ya kalle ni sama da ƙasa.

"Auta, ni za ki ba wasan yara?"

"Ka gwada, Yaya. In ba ka so sai in goge."

Da na dawo mako na gaba, ya wuce inda na kai. Inna ba ta so abin ba ko kaɗan. Duk lokacin da gurnanin matattun ya taso daga ɗakinsa sai ta yi a'uziyya, ta ce mini, "Ke kin kawo ma yayanki fatalwa cikin gida." Amma ita ce ta fara lura ya koma cinye tuwonsa, kuma ita ke aika a kai wayar caji.

Abu ɗaya ke ba shi haushi a wasan. Titunan garin cike suke da motoci, amma ko ɗaya ba ta tashi. Sai dai ka buɗe ƙofa ka duba ko akwai abin ci. Ya ce wanda ya ƙirƙiro wasan bai san darajar mota ba. Ana nan wata Asabar, ina shiga ya ɗaga mini wayar tun kafin in ajiye jaka. Masu wasan sun saka sanarwa cewa ƙari na nan tafe, wani sabon sashe da za a sauke a ɗora a kan tsohon. Hoton sanarwar wata farar bas ce a kan doguwar hanya, gari na bayanta. A sabon sashen za ka iya gyara mota, ka zuba mai, ka tuƙa ta ka bar garin. Kyauta ne ga mai wasan, data kawai zai ci.

Yana nuna mini yana murmushi. Rabon da in ga haƙoran Yaya tun kafin haɗarin.

Kafin ranar fitowar ƙarin ta zo, aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Wanda ya zauna Zamfara a lokacin ya san yadda aka yi. Ba kira, ba saƙo, in kana son jin lafiyar ɗan'uwanka sai ka shiga mota ka je ka gan shi da ido. Mutane na da damuwar da ta fi wasan waya nesa ba kusa ba, shi ma ya sani, shi ya sa bai yi ƙorafi ba. Sai dai na same shi ya koma juya fuska ga bango. Tsohon wasan na buɗuwa ba tare da sabis ba, amma ya ce ya gaji da zagaya gari guda a ƙasa.

Ina da maƙwabciya a Gusau, Kirista ce daga kudu, ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasunmu gishiri. Kayan kicin take sayarwa a kasuwa, kowa Madam yake ce mata. A kwanakin nan in za ta je Zariya saro kaya, mutanen layinmu kan ba ta wayoyinsu, ta kunna su can saƙonni su shigo, ta dawo musu da su. Na daɗe ina juya maganar a raina kafin in tunkare ta, don abin da kunya: wasu na jiran labarin 'ya'yansu, ni kuma wasa. Na same ta tana jera kofuna a kwali, na faɗa mata komai yadda yake.

"Wannan yayan naki da ya yi haɗari? Kawo wayar, Malama. Ai shi ma magani ne."

Karɓo wayar daga hannun Yaya ya fi roƙon Madam wuya. Ya riƙe ta kamar za a raba shi da ɗa, ya tambaye ni ko matar ta san abin da za ta taɓa. Na ce na nuna mata a tawa wayar, koren maɓalli ne guda, sai ta danna ta jira. Ya ce in jaddada mata kada ta goge masa inda ya kai.

Madam ta tafi tsakiyar mako. Ta ce Asabar za ta dawo, kuma tun da motar Zariya ta Tsafe take bi, in tsaya mata a bakin titi kusa da tasha da hantsi, ta miƙo mini ta taga.

Da safiyar Asabar ɗin na iso gida, matar Yaya ta tare ni a tsakar gida tana wanke-wanke. Ta rage murya ta ce in dubi bayan ƙofa. Babu sandunan. Ta ce tun ranar da wayar ta bar gidan ya rasa abin yi, ya hana kowa sakat, ranar farko ya ce a miƙo masa su ya kai bakin ƙofar ɗaki, jiya kuma har zaure ya kai ya zauna. Ina shiga na tarar ya yi wanka ya sa kaftani da hula.

"Mu tahi," in ji shi.

"Ina, Yaya? Ni zan karɓo maka."

"Matar ta yi min wahala har Zariya. Ta taga za ki yi mata godiya?"

Daga gidanmu zuwa bakin titi ba nisa, amma ranar na ga tsawon lungunmu. An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi santsi, ga kwata a tsakiya. Yana dogara sanda, ya ja numfashi, ya ɗaga ƙafar kamar ba tasa ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Na kai hannu zan riƙe shi, ya ce in bari. Inna ta biyo mu har ƙofar gida ta tsaya, leɓɓanta na motsi da addu'a.

Wani ɗan kamasho ne ya fara hango shi. Ya yi ihu, kafin ka ce me direbobi sun baro motocinsu sun kewaye mu. Wannan ya jawo benci, wancan ya karɓi sanda, wani dattijon direba da ya koya masa mota ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ashe barcin ya ƙare?" Aka fashe da dariya, shi ma ya yi, yana sunkuyar da kai. Mai shayi ya kawo masa kofi ba a tambaye shi ba. Na koma gefe wajen wata mai ƙosai na zauna, ina jin su suna ba shi labarin tasha, wanda ya sayar da motarsa, wanda ya yi aure, wahalar mai. Har ya manta abin da ya kawo mu, sai da wata bas ta tsaya, na ga Madam na ɗago mini hannu daga kujerar baya.

Ba ta miƙo ta taga ba. Ta roƙi direban ya ba ta minti kaɗan, ta sauko tana gyara ɗankwali, ta buɗe jaka cike da wayoyin mutane ta zaro tasa.

"Kai ne mai matattu?"

"Ni ne, Madam. Allah shi saka da alheri."

"Bawan Allah, ka kusa kashe ni. Ina shagon da nake sarin kaya na danna abin da Malama ta ce, ya fara tafiya kamar hawainiya, ya kai rabi ya tsaya. Sai da na je wajen 'yata a makaranta ta sake jawo shi. Da ya gama na ce bari in duba ko ya shiga. Sai wani ƙato da rabin fuska ya taso mini yana gurnani! Na ce Yesu, na wurgar da ita cikin kwandon roba. Allah ya so ka robobi ne."

Direbobin suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki. Yaya ya sa aka sayo mata rake da gyaɗa a leda, ta ce ba za ta karɓa ba, ya ce in ba ta karɓa ba zai bi motar da sanda har Gusau. Ta karɓa, ta ce Allah ya ba shi lafiya, direbanta na ta danna oda.

Bayan azahar muka buɗe sabon sashen a tsakar gida, ƙarƙashin dalbejiya, yaran na leƙe ta kafaɗarsa. Ya samu wata tsohuwar bas a gareji, ya yi ta yawon neman batir da taya, matattu na bin sa. Da ta tashi, ƙarar injin ta fito daga wayar, sai ya rufe ido ya saurara. Fitarsa ta farko ya daki turken wuta. Ya ce laifin masu wasan ne da ba su sa madubin gefe ba. A karo na biyu ya fice daga garin, hanya ta buɗe, gonaki hagu da dama.

Can cikin tafiyar sai aka fara ruwa a wasan, bas ɗin ta ɗan zame a kwana. Yaya ya kife wayar a cinyarsa. Yaran suka ce ya ci gaba, uwarsu ta kore su waje. Sannan ya fara ba mu labarin ranar haɗarin, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce akwai wata mata da goyo a bayansa, kuma duk lokacin da motar ke juyawa kukan jaririn kawai yake ji. Da kukan ya tsaya ya ɗauka shi ke nan, ashe uwar ce ta fita da shi ta taga. Ya ce ko da ƙafar ta warke, bai san ko zai iya sake ɗaukar ran mutane a bayansa ba. Inna na tsintar wake a faifai, ba ta ɗago ba ta ce, "Yaron na nan da ransa. Kai ma kana nan." Zuwa la'asar ya ɗauki wayar ya ƙarasa kwanar a hankali.

Ba da daɗewa ba aka buɗe layin Gusau, Madam ta yi ta yi mini tsiya cewa da mun yi haƙuri da ba ta sha tsoro a banza ba. Yaya kuwa ya ci gaba da fita tasha kullum da hantsi, da sanda biyu, daga baya da ɗaya. Ƙafar ta warke amma ba ta koma daidai ba, ba ta jure taka kuloci na dogon lokaci. Kawunmu da ke Bungudu ne ya kawo shawara. Yana da keke mai ƙafa uku da ya rasa amintaccen mai ja, keken kuwa kulocinsa a hannu yake. Yaya ya yi ta jan ƙafa, yana ganin direban babbar hanya ya wuce nan, har dai ya je ya gani. Yanzu can ya koma da iyalinsa, yana ɗaukar mutane cikin gari da ƙauyukan kusa. Wasan kuma matarsa ce ta gaje shi, ta ce ita ba ruwanta da mota, katanga take ginawa.

Na je Bungudu bayan sallar da ta wuce, ya zo ya ɗauke ni a bakin hanya zai kai ni gidan Kawu. Tuƙinsa ya yi sanyi, yana rage gudu tun kafin rami, yana yi wa masu babur faɗa. Muna cikin tafiya wata tsohuwa Bafulatana ta tsayar da mu, da ƙwaryar nono a ka da jikarta a hannu, za su wajen asibiti. Ya waiwayo ya ce, "Auta, matsa musu." Na matsa, na karɓi ƙwaryar na riƙe a cinya, ya jira sai da yarinyar ta zauna sosai sannan ya ja.