Malama Barira da Wasiƙar Akuya

Shekara goma sha huɗu ke nan, da an sallame azahar a Gafasa sai ka ga Malama Barira da allo a ka, alli ƙulle a bakin zane, ta nufi gidan mai unguwa inda take koya wa mata karatun yaƙi da jahilci. Bana ido ya gaza, ta ajiye alli. To, bari a faɗi abin da ta yi tun tana ji da kunnenta.

A 1964 da aka buɗe ajin, littafin da aka aiko daga Gaya na tatsuniya ne. Larai mai ƙuli-ƙuli, wadda ta girmi kowa, ta ture shi gefe. "Malama, tatsuniya da rana tsaka? Mai yin haka ɓata yake yi. Da jikokina ba zan ɓata a hanyar Ajingi ba." Mata ashirin suka koma huɗu. Malam Maikuɗi mai duba azuzuwa ya ce in ya dawo bai tarar da goma ba, zai rufe ajin.

Barira ba ta yi musu da kowa ba. Ta sami littafin rubutu ta tsara nata labarin. Shafin farko wasiƙa ce mai kwanan wata daga wata akuya da aka sayar a kasuwar Ajingi, zuwa ga uwargijiyarta. Can tsakiya akuyar ta ɓarke da waƙar daka. Daga nan sai tarihin rijiyar gari, sai yadda ake daddawa, sai shafi fari fat, wai a nan uwargijiya za ta ba da amsa.

"Wannan ba tatsuniya ba ce?" in ji Larai.

"Yaya Larai, kin taɓa jin tatsuniya da kwanan wata?"

Larai ta gyara zama. "To karanta. Amma akuyar nan da tsegumi take."

Malama ta karanta rabi ta rufe. Ta ce mai son sanin wace ce akuyar ke zargi da rowar dusa, ta haɗa baƙi da kanta. Ai kuwa tabarma ta yi kaɗan.

Malam Maikuɗi ya dawo ya tarar da mata goma sha bakwai. Ya yi ta juya littafin. "Malama, me za a kira wannan? Ba labari ba, ba waƙa ba." Kafin ta amsa, Larai ta karɓa, ta karanta abin da ta rubuta da hannunta a farin shafin: "Ke akuya, ki ci gyaɗata kuma ki kai ƙarata?" Ya yi dariya, aji ya tsira.

Malama, ke ce kika ga abin da mutanenki ke tsoron takawa, ba ki raina su ba, kika sare musu wata hanya. Ba a buga littafinki ba, amma har yau yana yawo gida-gida, bangonsa duk man gyaɗa. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara hasken ido. Masu alli a hannu ku yi koyi da ita.

Larai kuwa har yau ba ta ɓata ba. Ita ke karanta wa fasinjoji rubutun jikin motar Kano.