Garin Maɗaci a Ƙirjin Baba

Baba kafinta ne a Yelwa. Ba ya haɗa jiragen ruwa irin na kafintocin bakin tafki, shi aikinsa gadaje ne da kujeru masu zanen fure. Sassaƙar ba ta ba shi wahala, gugar ce ke cin ransa. Sai ya naɗe samfefa, takardar gugar katako, a yatsa ya bi kowane lungu na zanen, har fatar yatsunsa ta suɗe.

Shekarar da na fara koyarwa a Wara, yayana, wanda direban babbar mota ne, ya dawo daga Kudu da injinan guga biyu. Ya ce Baba ya zaɓi ɗaya, ɗayan na wani abokinsa ne. Ina gida hutu a ranar. Ɗaya babba ne mai faɗin baki, da jaka a bayansa da ke zuƙe ƙura. Ɗayan ƙarami ne, bakinsa da tsini kamar dutsen guga, ba shi da jaka.

Aka tada janareta, Baba ya gwada babban a hannun wata kujerar maɗaci. Nan take ya cinye gefen furen. Da ya ɗora ƙaramin kuwa, tsinin ya shige lungu ya fito da shi sumul. Na daɗe ban ga Baba ya yi dariya irin ta ranar ba.

"Baba, ɗauki mai jakar," in ji Yaya. "Mai shagon ya ce ƙurar katako tana lalata ƙirji."

"Tun ba a haife ka ba nike shaƙar ta," Baba ya ce. "Wanga ƙaramin shi ne nawa."

Aiki ya yi kyau, har daga Shanga ake zuwa nemansa. Amma garin da injin ke fitarwa ya fi na hannu laushi, ga rumfar aikinsa ta kwano ce, ba taga. Yakan fito gemunsa jajir. Na sayo masa takunkumi, ya ce numfashi yake toshe masa a zafin nan, ya rataye shi a ƙusa.

Tari ya fara da damina. Inna ta dafa citta da kanumfari, bai tsaya ba. Da muka kai shi asibiti, likita ya duba hoton ƙirjin ya ce ya bar rumfar gaba ɗaya. A hanyar gida Baba ya tambaye ni, "Ɗiyata, in na bari, mi zan yi da wuni?" Ya koma aiki.

Daga baya ko masallacin ƙofar gida sai ya huta a hanya. Ya koma zama kan tabarma a zaure, yana magana guntu-guntu, masu kawo aiki su gaishe shi su juya. Ya rasu gab da azumi, da hantsi, kansa a cinyar Yaya.

Bayan ta gama takaba, Inna ta ce ba za ta iya zaman gidan ba, ta koma Ngaski wurin ƙanwarta. Rumfar yanzu cajin waya ake yi a cikinta.