Ƙwayar Tsamiyar da Ta Rage

Ɗazu ina tace tsamiyar kunu, ƙwaya ɗaya ta faɗo a cinyata, sai gabana ya faɗi. Bari ka ji dalili.

Ina 'yar shekara tara, dab da soja su miƙa wa farar hula mulki, mahaifina yana tsare saboda wata takarda da ya rubuta. Aka ce za a saki wasu kafin miƙa mulkin, sauran a kai su nesa. Kakana ya ce ranar Alhamis za a yi salati ƙafa dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu a zaurenmu na Ƙofar Na'isa, kowa da rabo daidai, ba ƙari ba ragi. Da 'ya'yan tsamiya za a ƙirga.

Lambar nan taurin kai ne da ita. Biyu na raba ta, huɗu ma haka, amma daga biyar har goma babu mai raba ta ba saura. Sai goma sha ɗaya: kowa ɗari huɗu da huɗu. Mutum goma sha ɗaya Kaka ya gayyato. Goma suka zo. Maƙwabcinmu, mai yawan cika baki, ya aiko wai ciwon ciki. Tsoro ne kawai.

Kaka ya leƙo cikin gida, ya dube ni. "Ke, kin haddace salatin?"

Na ce e. Aka zube mini tulina. Ina karantawa, ina jefa ƙwaya a ƙwarya, gumin bazara na bin bayana. Kafin magariba aka shafa.

Da na je kakkaɓe zanina a ɗaki, ƙwaya ɗaya ta faɗo. Ban karanta ta ba.

Na ɓoye ta a bakin zani. Jumma'a ta wuce, Baba bai dawo ba. Aka saki na wasu unguwanni, ana guɗa. Inna ta daina cin abinci. Ni kuwa na san wadda ta riƙe shi: ni ce. Kwana tara ina ɗauke da wannan, ko ido ba na iya haɗawa da Inna.

Ran na goma na durƙusa gaban Kaka, na buɗe hannuna, ina kuka. Ya kalli ƙwayar.

"Ashe ba mu tashi daga zaman ba tukuna," in ji shi. "Je ki yi alwala."

Na karanta, ya shafa. Sai da damina ta kusa ƙarewa Baba ya dawo, a rame, yana jan ƙafa.

Yanzu lissafi nake koyarwa. Jikokina da ɗan carbin latsawa suke ƙirga, a waya ake raba salati, ba mai zama zaure. Na sani sarai ƙwayar tsamiya ba ta tsare mutum. Amma har yau ba na tashi daga tabarma ban kakkaɓe zanina sau biyu ba.