Kauɗar Inna a Kan Sola

Farantin solar da na fara mallaka na hannu ne, gefensa a tsage. Wani dattijo mai gyaran rediyo a Kiru ya buɗe ɗan akwatin bayansa, ya sauya wayar da ta ƙone, ya liƙe da dalma. Ya gwada a gabana, ƙwai ya kama. Na ɗora shi kan rumfar tsakar gidanmu a Dangora.

Kwana uku batir bai cika ba. Na hau acaɓa na koma, na zazzage wa bawan Allahn nan faɗa a gaban mutane, har da ce masa macuci. Bai rama ba. Ya ce gobe da azahar zai zo ya gani, lokacin da kullum nake gona.

Washegari na baro gona na tarye shi, muka yi sallama muka shiga gidan tare. Sai ga farantin lulluɓe da yankakken tumatir, Inna mahaifiyata tana jera na ƙarshe. Ta ce tunda take shanya kauɗa ba ta taɓa samun wuri irin wannan ba: ga zafi, ga shi babu yashi. Kafin la'asar take kwashewa ta goge shi tas.

Dattijon ya russuna ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, da gaskiyarki. Akwai wani faranti a shagona da ya mutu murus, zan aiko miki, ki bar masa nasa."

Ya kuwa aiko. Har yau a kansa ake shanya, ni kuma duk ranar da aka yi miyar kauɗa, kalmar nan macuci ce ke tsaya min a wuya.