Ranar da na haɗa takin zamani da toka

Shekarun baya da yawa, zamanin mulkin farar hula na biyu da kaya suka yi tsada, ina sabon ango mahaifina ya yanka mini fili a fadama wajen Dingyadi, ya ce in noma albasa in ci da gidana. Takin zamani kuwa ya yi wuya. Da kyar na samu buhu ɗaya na farin nan mai kama da gishiri, kuma na san ba zai isa ba.

Sai dabara ta zo mini: in cuɗa shi da tokar murhu ya ƙara auki. Na zuba kwano biyu a ƙasa, na haɗa da toka, na yayyafa ruwa. Wani wari ya taso yana yankar hanci, ni kuwa sai murna. Har na ce wa matata, “Kin ji ƙarfin taki ko?”

Ana haka abokina ya yi sallama. Malamin kimiyya ne a sakandaren Bodinga, watanni ba a biya su albashi ba, yakan biyo mu ci tuwo tare. Tun daga zaure ya toshe hanci.

“Kai, mi kaka yi haka? Tsaya! Wanga warin da kaka ji, abincin albasarka ne ka tahiya.”

Na ce, “Ina za shi? Ga shi nan tuli a gabana.”

Bai yi gardama ba. Ya zuba taki da toka da ɗan ruwa a kwalba, ya toshe, muka je wurin mai shago aka ɗora a sikeli. Ya girgiza, muka jira, aka sake ɗorawa. Nauyi bai motsa ba.

Abokina ya ce, “Komi na nan ciki, kama kawai ya sake. To buɗe ka shaƙa.”

Na buɗe. Sai da na yi hawaye, mai shago yana ta dariya.

Abokina ya ce, “Ka gani? Ba ɓacewa shika yi ba. Toka ka maishe shi iska, iska ko ba ta zama gona.”

Sauran buhun na zuba shi tsurarsa, kaɗan-kaɗan a gindin shuka kamar yadda ya nuna mini. Albasar shekarar ce ta riƙe mu har kaka, ita ta yi ragon sunan ɗiyata ta fari.

Abokina ya rasu da daɗewa. Ni da ban wuce firamare ba, darasin kimiyya ɗaya na taɓa samu, kuma daga malamin da shi kansa bai san abin da zai ci gobe ba. Har yau ba na shafa addu'a ban sa sunansa ba. Allah ya kai haske kabarinsa.