Kawu Bala da Gadar Masaƙa

Duk wanda ya zauna a unguwar Sheshe ya san Kawu Bala, yayan mahaifiyata, ba ya fita sai da 'yar guduma a aljihun babbar riga. Tsohon ma'aikacin reluwe ne. Aikinsa duba wata gadar ƙarfe da jirgin auduga ke bi ya shiga masaƙa, ya ƙwanƙwasa ƙarfe ya saurari ƙararsa. Bayan ya yi ritaya bai daina ba. Ƙofa, kujera, kankana a kasuwa, duk sai sun sha guduma. Ranar da aka kawo gadon aurena ma sai da ya buga masa, ya kara kunne, ya ce, "Zai yi, amma kada ku yi ƙiba."

Abincin rana kuwa ba ya ci sai jiniyar masaƙa ta yi kuka, don a lokacin har cikin gari ana jin ta. Da aka rufe masaƙar, sai ya zauna ya sa tuwo a gaba har ya huce. Matarsa Inna Rabi ta ce, "Malam, jiniyar nan fa ta mutu."

"To, ke ki yi."

Tun daga ranar, in ta sauke tukunya sai ta leƙo daga madafi ta ce "wuuu" a taƙaice, ya wanke hannu. Har maƙwabta suka koma gane azahar da ita.

Babban abokin gardamarsa Alhaji Sidi ne, jikan Larabawan cikin gari, wanda ya yi aiki a masaƙar. Kullum a zaure magana ɗaya ce. Alhaji ya ce don masaƙa aka gina gada, Kawu ya ce sai da gada ta tsaya aka samu ta inda za a shigo da injinan masaƙa.

"Bala, in ba auduga, me gadarka za ta ɗauka?"

"In ba gadata, a ka za ku ɗauko audugar?"

Da jirgi ya daina bi, sai masu sayen tsohon ƙarfe suka fara kwance gadar. Abin ya tsaya wa Kawu a rai. Ya riƙa hawa adaidaita da safe, ya je ya shimfiɗa buzu a kanta yana gadi har la'asar. Su kuma sai su jira ya tafi. Kullum in ya koma sai ya tarar an rage wani abu, har ta koma ƙwarangwal. Ran nan ya shigo gida jiki a sanyaye, ya zaro wani ƙaton noti daga aljihu ya dire a gaban Inna.

"Wannan dai ba za su samu ba."

Inna ta juya notin, ta dube shi. "Ashe kai ma ka shiga sana'ar."

Bai yi dariya ba, bai kuma sake komawa can ba. Da damina ta zagayo, ciwon ƙafa ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Bala, Ya yafe masa kurakuransa. Mutane da kaya masu yawa sun haye ta kan aikinsa lafiya. Allah Ya sa shi ma ya tsallake siraɗi cikin sauƙi.